Rahoton kwamitin gyaran zaurenmu na Irbil

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda muka yi alkawari a taron baya, ga bayanin aikin da kuka ɗora mana na gyaran zauren da muke sallah da taro a cikinsa, mu Hausawa mazauna Irbil, babban birnin yankin Kurdawa na ƙasar Iraki. Aiki ya kammala alhamdulillahi, an toshe yoyon rufi, an sake wayarin gaba ɗaya, an ɗora sola a saman dakin tare da batir da inbata. Rasit-rasit duk suna hannun ma'aji, kwafi kuma an liƙa a allon bakin ƙofa, wanda yake son ya duba ya duba, kuɗinku ne.

Rufin bai ba mu wahala ba. Siminti ne ya tsage, ruwan saman lokacin sanyi yana bi yana ɗiga kan darduma, magini ya kankare ya shafa kwalta ya sake dabe, shikenan. Sai dai mai wayarin na farko da muka ɗauko ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ya ɓace mana kwanaki, sai da muka nemo wani. Laifinmu ne, mun biya kafin mu ga aiki.

Maganar wuta ita ce ta ci mana lokaci da cacar baki, kuma dole mu yi bayani saboda wasu na cewa mun yi almubazzaranci. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san a da wuta iri biyu ce, ta gwamnati wadda ke zuwa ta tafi, da ta janareton unguwa da suke kira muwallida, ka sayi amfiya kaza a wata, da ka kunna esi da fanka tare sai ta faɗi. A watan Yuli da Agusta da zafi ke haura digiri 45 kuwa zauren nan ya kan zama kamar tanda, sallar azahar ma mutane gudu suke. To abin da ya sa muka yanke shawarar sola shi ne harin jirgi mara matuƙi da aka kai filin iskar gas na Khor Mor da ke lardin Sulaimaniyya a Afrilun 2024, inda ma'aikata huɗu 'yan Yaman suka rasu, Allah ya jiƙansu. Gas ɗin wurin ne ke kunna mafi yawan tashoshin lantarkin yankin Kurdawa, da kamfanin Dana Gas mai gudanar da filin ya tsayar da aiki sai kusan megawat 2,500 suka ɓace lokaci ɗaya, gari ya yi duhu. Wato mutum ɗaya da duron ɗinsa zai iya kashe maka fanka daga nesa, ran nan muka ce a'a, gara rana, ita babu mai harbo ta.

Sannan ga mai gidan da muke haya, malamin makarantar gwamnati ne, dattijo mai kirki, Kak muke ce masa kamar yadda Kurdawa ke girmama babba. Gyaran rufi a ƙa'ida nasa ne amma ina kuɗin? Tun da aka rufe bututun man da ke zuwa tashar Ceyhan ta Turkiyya a Maris 2023, bayan kotun sasanci ta Paris ta ce Turkiyya ta biya Iraki kusan dala biliyan 1.5 saboda ta bar gwamnatin yankin ta sayar da mai ba tare da izinin Bagadaza ba, ganga kusan 450,000 a rana suka tsaya cak, albashi ya koma sai abin da Bagadaza ta turo, ita kuma yau ta turo gobe ta ce lissafi bai daidaita ba. Mutumin nan sai ya yi wata da watanni yana jira. Sai muka sasanta da shi, mu yi gyaran, a riƙa cirewa daga kuɗin haya, an rubuta an sa hannu da shaidu. An dai sake buɗe bututun a Satumban 2025, muna masa fatan abin ya daidaita.

Kayan sola ma siyasa ta taɓa su, don yawancin kaya ta mashigar Ibrahim Khalil da ke kusa da Zakho suke shigowa daga Turkiyya, 'yan kasuwa kuma da dala suke lissafi, farashin dala na gwamnati daban na kasuwa daban, shi ya sa kuɗin batir ya ɗara abin da muka faɗa muku da farko.

Yanzu ga tambayar da ake ta yi mana a WhatsApp: tun da shirin Runaki ya zo, wanda firaministan yankin Kurdawa Masrour Barzani ya ƙaddamar a Oktoban 2024 don ba da wuta awa 24 a kashe janaretocin unguwa, me ya sa ba ku haƙura da sola ba? Gaskiya mu ma a kwamiti mun rabu biyu a kai. Shirin yana aiki, ba mu musa ba, hayaƙi da ƙarar janareto sun ragu sosai. Amma da mita ake biya, iya shanka iya kuɗinka, kuma har yanzu gas ɗin Khor Mor ɗin nan dai shi ne uwar wutar. Da rana solarmu ke ɗauke esi, mita ba ta gudu, in aka sake samun matsala kuma batir zai riƙe fitila da fanka da lasifika.

Abin da ya rage, ƙurar garin nan tana rufe faifan sola da sauri, muna neman matasa biyu da za su riƙa hawa suna gogewa duk Juma'a kafin sallah. Mai sha'awa ya ga sakatare. Kuma don Allah kada a ƙara jona hita ko dutsen guga a soket ɗin inbata, an yi sau ɗaya har ta yi ƙara.