Rahoton Kwamitin Lafiya na Mazaɓa kan Gyaran Tsohon Siton Asibiti

Assalamu alaikum. Mai girma Dagaci, Malam Liman, masu unguwanni da sauran jama'a, kwamiti na sanar da ku cewa an kammala gyaran tsohon siton asibitinmu na sha-ka-tafi, an kuma miƙa makulli ga shugabar asibitin. Nan za a riƙa ganin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa da farfaɗiya.

Wasu sun tambaye mu ina ruwan ƙaramin asibiti da wannan aiki. Tun 1991 gwamnatin tarayya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko, sai dai abin ya daɗe a takarda. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka dole malaman ƙananan asibitoci su ɗauki wani kaso. Namu sun samu horo a kan tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su kula da irin waɗannan cututtuka, amma suka dawo babu inda za su keɓe da mutum. Maijego ba za ta faɗi cewa ta daina barci tana yawan kuka ba, alhali kishiyar yayarta na zaune a benci tana saurare.

Mun tarar gara ta cinye katakon rufi, jemagu sun yi gida a silin, bangon gabas ya tsage har ƙasa. An kware rufin aka sa sabon katako da kwano, an rushe bangon aka tayar da bulo, an yi filasta da daɓe da fenti. Yashi da ruwa da leburanci matasa ne suka yi gayya, birkila da kafinta kawai aka biya. Aiki ya tsaya na ɗan lokaci saboda tsadar siminti.

Abin da ya fi cin lokacinmu ƙofa ce. Tsohuwar ƙofar siton ta bayan asibiti take kallo, kuma da yawa cikinmu sun so a bar ta haka, a kafa allo, wai don sirri. Wakiliyar mata ce ta ce a'a: duk wanda aka ga ya kewaya baya an san abin da ya kawo shi, kafin wata guda yara za su sa wa wurin suna ɗakin mahaukata, budurwar da ta shiga kuma sai maganar ta biyo ta ranar neman aure. An yi zama har biyu ana ja. Daga ƙarshe aka toshe waccan ƙofa, aka fasa sabuwa a barandar da masu awo da masu hawan jini ke jira. Kati ɗaya, layi ɗaya, babu allo. Wannan ya ƙara mana kuɗin aiki, kuma ba mu yi nadama ba. An ɗaga tagar sama da tsayin mutum saboda masu leƙe, an sa ƙofar ƙarfe mai kauri don kada magana ta fita.

Kabad ɗin magani an kafe shi a bango da kwaɗo biyu. Kowa ya san halin da ake ciki da ƙwaya a garin nan. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin malamanmu za a rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, in an sallamo shi ya ci gaba da karɓar magani a nan.

Kuɗin ya fito daga kason gyare-gyare na asusun kiwon lafiya matakin farko da gudummawar 'yan kasuwa da 'ya'yan gari mazauna birni. Rasit duk suna hannun ma'aji, lissafin kuma an manna shi a ƙofar asibiti. Saura indararo kafin damina, da cikon kuɗin kafinta. Mun kuma rubuta wa ƙaramar hukuma kan maganin farfaɗiya, domin yankewarsa na iya dawo da ciwon, muna jiran amsa.