Godiya ga Gidajen Gurasa na Jakara

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu mata masu tanderu a Jakara da lungunan da ke kewaye da ita, tare da 'yan'uwanmu maza masu ɗaukar kaya zuwa bakin kasuwa.

Mu masu hidimar taro ne a cikin birnin Kano. Mu ake damƙa wa lissafin abincin ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani da sadakar arba'in. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan godiya a bainar jama'a, domin mai cin bandashe, wato gurasar da aka haɗa da ƙuliƙuli da man gyaɗa, a ƙofar gida ba kasafai yake tuna wadda ta tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wutar da ta gasa masa ba.

Sana'arku ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kasuwar Kurmi da ke maƙwabtaka da ku tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma abin da aka gada a birni shi ne fatake Larabawa, irin waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa, su suka zo da gurasa. Ku kuka riƙe ta har ta zama 'yar gida, ta kai yau in an ce gurasa sai a ce Kano.

Abin da muka fi yabawa shi ne ba kwa yi wa kwaɓi gaggawa. Wanda bai sani ba gani yake fulawa ce kawai da yis da gishiri da ɗan sukari da ruwa, to me zai gagara? Ruwan ne. Kwaɓin gurasa ya fi na burodi laushi nesa ba kusa ba, amma bai kai ruwan ƙullin masa ba. In ya yi tauri, gurasar za ta fito a dunƙule, ba ido a cikinta, kuma ba za ta sha romo ba. In ruwa ya zarce, ba za ta kama jikin tanderu ba, sai ta zame ta faɗa toka. A gida, mai mudu ɗaya na fulawa kan sa yis kamar cokali biyu ta wuce wurin. Ku da kuke kwaɓa buhu mai kilo 50 kun san awon ba ya tsayawa wuri guda. Da hunturu kuna kwaɓawa da ruwa mai ɗumi, ku lulluɓe roba, ku ƙara masa lokaci. Da bazara kuwa kuna rage yis, don kwaɓin da ya wuce tashi tsami yake yi, ya saki jiki, kuma ba yajin da zai ɓoye wannan tsamin a bakin wanda ya san gurasa.

Sai tanderu, inda gwaninta take. Ana cika shi da kara ko itace, a bari harshen wuta ya mutu, garwashi kaɗai ya rage a ƙasa. A goge cikinsa da jiƙaƙƙen tsumma don a kawar da baƙin hayaƙi, a tsoma hannu a ruwa, a ɗebo curi, a faɗaɗa shi a tafin hannu, a zura hannu cikin wannan zafin a manna, a bi da'ira har bango ya cika, sannan a rufe. Minti kaɗan ne tsakanin gasuwa da ƙonewa. Tanderun da zafinsa ya yi yawa yakan ƙona bayan gurasa ya bar cikinta ɗanye. Wanda bai yi zafi ba kuma ba ya riƙe ta, in ma ya riƙe sai ta bushe kamar fata kafin ta yi ja. Ba ma'aunin zafi a hannunku, da tafin hannu da ido kuke ganewa, amma sai a ɗauko gurasa ɗari daga gida ɗaya a same su kusan launi guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a koyonsa a wata ɗaya.

Muna godiya kuma da gaskiyar da kuke gaya wa mai saye ko da ba ta yi masa daɗi ba. Mai taro yakan zo a gigice ya ce a zuba masa a leda da zafinta. Kukan ce a'a, a bari ta sha iska, domin gurasa mai zafi in an ƙulle ta a leda gumi take yi, ta yi danƙo, washegari fumfuna ta fara fitowa. A kwando ko buhun da iska ke ratsawa ake jera ta, a rufa mata tsabtataccen mayafi. Haka in an ce a haɗa bandashen tun safe alhali ɗaurin auren sai bayan Juma'a, kukan hana. Bandashe ba ya jira. Ana yayyafa wa gurasa ruwan ɗumi ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuliƙuli da aka haɗa da yaji da gishiri da ɗanɗano, a zuba man gyaɗa, a ɗora albasa da tumatir da kabeji, a miƙa. In ya yi awa biyu a rufe, ruwan tumatir da albasa zai sauka ya mai da shi taɓo. Daga bakinku da yawa suka koyi kai kowane haɗi daban, a haɗa a wurin taro faranti bayan faranti. Ƙuliƙulin ma sai sabo, don wanda ya kwana biyu mansa yakan juya ya bar maƙaƙi a maƙogwaro.

A lissafin da muke bi, babban mutum gurasa ɗaya babba ta ishe shi in da tsire ko balangu a gefe, biyu in da miyar taushe ce kaɗai. Taron mutum 200 kuwa ba a yi masa odar 200 cif, sai an ɗora kamar 40, saboda almajirai da maƙwabta da kwanon da za a aika cikin gida. A birni ba a taro a ce wane ba a gayyace shi ba.

Lokutan da aka fi jin amfaninku su ne lokutan da kowa ke hutawa ko kallo. Da azumi, kuna gaban wuta da ƙishirwa a bakinku don gurasar buɗa baki ta isa kasuwa kafin la'asar ta yi sanyi. Ranar Takutaha, bikin da ake yi mako guda bayan Mauludi, wato 19 ga Rabi'ul Awwal, jama'a na tururuwa zuwa Dutsen Dala, gidajen da ke kewaye cike da baƙi. A shekarun da aka yi hawa kuma, musamman ranar Hawan Daushe da Sarki ke zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki kafin a dawo jahi a Ƙofar Kudu, hanyoyin tsakiyar birni cushewa suke yi da dawakai da 'yan kallo, ko babur ba ya ratsawa. Kun san haka, shi ya sa kuke fitar da kayan mutane tun da hantsi. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, mun yi murna ƙwarai. Sai dai mahayin da ya sauka daga doki da magariba da yaran da suka yini suna riƙe masa linzami abinci suke nema, kuma sau da yawa gurasarku ce ke jiransu a zaure.

Ba mu manta da abin da sana'ar ke ci a jikinku ba: hayaƙin da ke shiga ido da ƙirji, tabon ƙuna a damtse, ga tsadar fulawa da ta kara, wanda in damina ta sauka samun busasshensa ma aiki ne. Duk da haka gidaje da yawa sun gwammace su faɗa wa mai saye cewa kuɗi ya ƙaru da su rage girman curi a ɓoye. Mun gani, kuma mun yaba.

Roƙonmu ga masu taro shi ne a kai oda da kwana biyu ko uku, a ba da kafin alƙalami don a sayi fulawa, a cika ragowar ranar ɗauka ba sai an bi mutum gida ba, a kuma mayar da kwando da mayafin da aka aro.

Allah ya saka muku da alheri, iyayenmu. Ya tsare hannuwanku daga wuta, ya ba ku lafiyar ido da ƙirji, ya sa albarka a cinikin, ya jiƙan magabatan da suka koya muku.

Naku,
Wasu masu hidimar taro a cikin birnin Kano