Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Gurɓacewar Ruwa da Lafiyar Jinin Kifi

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa nauyin gano dalilin da ya sa kifi ke daina cin abinci, ya rame, ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a tafkunan da ido bai ga aibun ruwansu ba. Ga inda aka kwana. Rahoton kuɗi kuwa ma'aji zai gabatar da shi daban.

Mafi yawan ƙarfinmu a bana ya tafi ne wajen koya wa mambobi ɗiban jinin kifi, da taimakon likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da suka ba mu lokacinsu. Akan sa kifin a ruwa mai ɗan man kanumfari har ya lafa, a kwantar da shi kan jiƙaƙƙen tsumma, a soka allura ta ƙasan jikinsa kusa da wutsiya har ta taɓa ƙashin baya, a ɗan janye ta kaɗan, sai jini ya biyo sirinji. Sai an kurkure sirinjin da hefarin, maganin hana jini daskarewa, tukuna, don jinin kifi ba ya jimawa yake daskarewa. Kuma aikin na son hanzari. Kifin da aka daɗe ana kokawa da shi, sukarin jininsa kan hau, saifarsa ta tuttuɗo jajayen ƙwayoyi cikin jijiya, sakamakon ya fito da abin da ba shi ne ba.

Da aka shafa jinin a gilashi aka duba da na'urar ƙara girma, mambobi sun gani da idonsu cewa jajayen ƙwayoyin kifi sun bambanta da na mutum: siffar ƙwai gare su, kowace da cibiya a tsakiyarta. Kifi kuma ba a ɓargo yake ƙera jini ba, gaban ƙodarsa da saifarsa ke wannan aiki. Shi ya sa gubar da ta taɓa ƙoda ba ta daɗewa take bayyana a jini.

Abin da muka fi cin karo da shi a ziyarce-ziyarcen tafkuna shi ne nitrait, kuma daga cikin tafkin yake tasowa. Kashin kifi da ragowar abinci su ke zama ammoniya, wasu bakteriya su mayar da ita nitrait, wasu kuma su ƙarasa shi zuwa naitret mai sauƙin illa. Idan tafki sabo ne, ko an cunkusa kifi ana ta zuba abinci, nitrait sai ya taru. Yana shiga jiki ta mashaƙar kifi, ta ƙofar da sinadarin kulorayid na cikin gishiri ke bi, ya lalata himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta yadda ba zai iya ɗaukar oksijin ba. Jinin da ya kamata ya fito ja zur sai ya fito ƙasa-ƙasa, mashaƙar ma haka. Za ka ga kifi ya taru a sama yana haƙi alhali iska ta wadata a ruwan. Abin takaici, mutane da yawa a nan suke garzayawa sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta, su yi asarar kuɗi, su kuma kashe bakteriyar da ke tace musu ruwa. Abin yi shi ne a rage abinci, a sauya wani ɓangare na ruwan, a zuba gishiri har kulorayid ya ninka nitrait kamar sau 10, domin ya tare masa ƙofa.

Ita ammoniya zafinta na ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama kuma ma'aunin pH (na tsami ko kanwar ruwa) ya hau, wato galibi da rana tsaka zuwa la'asar. Nau'inta mai guba, ko miligiram 0.05 a lita ɗaya ya isa ya cutar da kifi in ya daɗe a ciki. Mun roƙi mambobi su riƙa awo sau biyu: da asuba don oksijin, da yamma don ammoniya.

Gubar da ke shigowa daga waje ta fi wuyar kamawa. Dalma tana toshe sinadarin ALA-D da jiki ke buƙata wajen haɗa himogulobin, kifi ya shiga ƙarancin jini a hankali. Ƙarfen kadmiyam na hana shi zuƙar kalsiyam, tagulla na hana shi riƙe gishirin jikinsa. A yawancin kifaye jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 20 zuwa 45 cikin 100 na jini, idan suka faɗi ƙasa da haka akwai magana. Magungunan feshi dangin oganofosfet kuwa jijiyoyin da ke sarrafa motsin jiki suke kamawa, kifi ya riƙa juyi yana fizge-fizge. A kan haka muka zauna da manoman da gonakinsu ke saman magudanan da muke jan ruwa, muka nemi alfarmar su daina wanke kayan feshi a rafi. Sun saurare mu, wasu har sun fara.

Sai dai mu ja kunnen juna: jini kaɗai ba ya faɗin sunan guba. Ƙarancin jini na iya zuwa daga tsutsa ko abinci mara kyau, kuma awon tarwada ba na karfasa ba ne, na ƙaramin kifi ba na babba ba ne, na lokacin zafi ba na sanyi ba ne. Don haka muka buɗe kundin da ake rubuta awon jinin lafiyayyun kifaye tare da awon ruwan da suke ciki a rana ɗaya, domin a sami abin kwatantawa ranar da matsala ta zo.

A nan ne muke da giɓi. Mambobi kaɗan ne suka dawo da takardun awo a cike, wasu ma an rubuta jini an bar gurbin ruwa fayau, wanda bai da amfani. Gwajin dalma da kadmiyam shi ma bai samu yadda muka so ba, saboda na'urarsa sai manyan ɗakunan gwaji. Kwamiti na neman amincewar taro a ware kuɗi don aika samfurin ruwa da na laka daga tafkunan da ke kusa da masana'antu da wuraren haƙar ma'adinai, sannan kowane reshe ya naɗa mutum ɗaya da zai riƙa karɓar takardun awo a ƙarshen kowane wata.

Sakatare,
a madadin kwamitin zartarwa