Zakin Barye da macijinsa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan Paris lafiya lau, in ka ɗauke sanyin da ya hana mu sakat.

Ranar Asabar na shiga gidan tarihi na Louvre, na ga abin da ya sa na ce dole in rubuto maka, kai ɗan maƙera. Zaki ne na tagulla, girmansa kamar na gaske, ya danne maciji da ƙafa ɗaya. Wani Bafaranshe ne ya yi shi, Antoine-Louis Barye, wanda ya rasu a 1875. Na san za ka ce na zo ƙasar Turawa na koma kallon gumaka. To, ka yi haƙuri ka ji.

Abin da ya tsayar da ni shi ne zakin ba ya cikin natsuwa. Ya yage baki, amma ya ɗan janye kai, kamar mai cewa wannan abu ƙarami ne amma ba a yi masa garaje. Macijin kuma ya kanannaɗe, ya ɗago kai, bai sallama ba. Wallahi na zagaya shi sau uku ina jiran in ga wa zai fara kai sara.

Ka san mutumin nan ba a daji ya koyi zaki ba? A gidan namun dajin Paris, Jardin des Plantes, yake wuni yana zana dabbobi a keji. In wata ta mutu, sai ya je inda ake feɗe ta, ya auna ƙashi da tsoka ya rubuta, wani lokaci tare da abokinsa mai zane Delacroix. Shi ya sa kake ganin kowace jijiya a mazauninta. Ubansa ma maƙerin zinariya ne, ka ga barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba.

A 1833 Barye ya nuna samfurin zakin, aka zuba tagullar a 1835, da dabarar kakin zuma: a siffanta da kaki, a rufe da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa. Irin dai aikin mutanen Binin da Ife. Ka tambayi Baba, da girman nan, yaya ake hana ƙarfe daskarewa kafin ya kai ƙarshen jela?

Wai har da siyasa a ciki. Ana cewa zakin yana wakiltar Sarkin Faransa Louis-Philippe ne da ya hau mulki a 1830, macijin kuma masu tayar masa da fitina. A 1848 aka tumɓuke sarkin, zakin kuwa ga shi nan har yau.

Barye yana da wasu ayyukan, kamar damisa tana cin kada, na 1831, amma ba su kama ni kamar wannan ba, don faɗan ya riga ya ƙare a cikinsu.

Na ɗauki hotuna, zan turo maka, sai dai hoto ya cuci geza, ba ta fito ba. Ka gaishe da Inna da yara, kuma kada ka manta da yajin da ka yi mini alkawari.

Naka,
amininka na Paris