Zuwa ga kwastomominmu masu tsofaffin kwamfutoci: don Allah a daina saurin fomat

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyi?

Wannan saƙo daga shagonmu na gyaran kwamfuta ne da ke nan Samaru, kuma da ku muke, masu bizines senta da ɗab'i da wankin hoto, tun daga bakin get ɗin ABU zuwa Kongo, PZ da Sabon Gari, ku da har yau kuke lallaɓa injin mai Windows XP ko Windows 7.

Bari in fara da laifinmu, don shi ya sa na zauna rubutun nan. Watan jiya wani Alhaji mai aikin sitika da bana (banner) ya aiko da kwamfutarsa, wai da an kunna sai ta nuna shuɗin sikirin ta mutu ta sake tashi, haka take ta yi. Ni kuwa ina Kano wajen sayo kaya. Yaronmu bai tsaya karanta abin da ta rubuta ba, ya kwashe fayiloli a filash, ya yi mata fomat, wato ya share duk abin da ke cikinta, ya zuba Windows 7 mai 64 bit, ta tashi fes. Da aka mayar da ita sai injin yankan sitika ya ƙi motsi ko kaɗan, ashe direbansa, wato sofwayar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da injin, na XP ne mai 32 bit, faifan da ya zo da shi ya ɓace shekara da shekaru, kuma fomat ya share wanda ke ciki. Sama da sati muna neman direban nan, aikin Alhaji a tsaye. Abin takaicin, da na bincika daga baya, ɗan batirin da ke kan madabod, babban allon cikin kwamfuta, shi ne kawai ya mutu. Alhaji, mun ba ka haƙuri a shago, muna ƙara ba ka a nan, Allah ya huci zuciyarka.

Ga yadda batir ke jawo wannan, don da yawanku zai same ku. A kan madabod akwai wani batir kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin farko da kwamfuta ke bi tun kafin windo ta tashi. In ya mutu sai saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani, to a wasu injina na tokumbo hakan na juya yadda kwamfuta ke magana da haddis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) daga tsohuwar hanyar IDE zuwa sabuwar hanyar AHCI. Ita kuwa XP tun 2001 ta fito, ba ta zo da direban AHCI ba, sai ta nemi haddis ɗin da take zaune a kai ta rasa, ta buga maka shuɗin sikirin mai lamba 0x0000007B. Ba abin da ya lalace fa. A canza batir, a shiga BIOS a mayar da saitin, shi ke nan, ko minti goma ba a yi. Alamarsa ma a fili take, in ka ga kullum da safe agogon kwamfutarka ya koma wata tsohuwar shekara, kawo ta tun kafin ta kai ga haka.

Shi ya sa muke roƙo, in ta ƙi tashi, kafin ka taɓa komai ɗauki waya ka yi wa sikirin ɗin hoto. Rubutun nan da kuke tsallakewa shi ne rabin gyaran. A shuɗin sikirin akwai lamba, kuma sau da yawa can ƙasa za ka ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, to shi ne direban da ya kayar da ita, ko na sauti ne ko na netwok ko na wani modem da aka saka jiya. In tana ɗaukewa da sauri ba ka iya karantawa, kana kunnawa ka dinga danna F8, a jerin da zai fito ka zaɓi Disable automatic restart on system failure, za ta tsaya cak ka ɗauki hotonka.

A wannan jerin na F8 ɗin akwai abu biyu da kowa zai iya gwadawa da kansa ba sai ya hau mashin ya zo wajenmu ba. Akwai Last Known Good Configuration, wanda ke mayar da ita kan saitin da ta tashi lafiya da shi na ƙarshe. Amma shi da sharaɗi, da zarar ka shiga windo har ka wuce fasawod, to ta ɗauki wannan tashin a matsayin mai kyau, na baya ya tafi, don haka shi ake fara gwadawa ba a ƙarshe ba. Sai Safe Mode, wanda ke tada ita da 'yan direbobin da ba makawa kawai. In ta tashi a nan amma ta ƙi tashi yadda aka saba, kusan kullum wani direba ne ko wata sofwaya da aka saka kwanan nan, sai a shiga Device Manager a danna Roll Back Driver ko a cire shi gaba ɗaya.

Na baƙin sikirin kuma kala-kala ne. NTLDR is missing a XP, ko BOOTMGR is missing a Windows 7, wallahi sau nawa mutum ya ɗauko inji tun daga Tudun Wada da gumi, muna dubawa filash ne aka manta a jiki take ƙoƙarin tashi daga kansa. Cire filash, cire faifai, sake kunnawa tukuna. In ta ce hal.dll ya ɓace, yawanci fayil ɗin na nan daram, boot.ini ne ke nuna mata inda ba nan ba, da faifan XP da bootcfg /rebuild ake gyarawa. Wanda ya fi yawa a garin nan shi ne mai cewa fayil ɗin SYSTEM da ke cikin CONFIG ya lalace, wannan kam ɗauke wuta ne, tana tsakiyar rubutu a haddis wuta ta tafi, ko a juya zuwa janareta ba a kashe ta ba. Shi ma yana gyaruwa ba tare da an share komai ba, sai dai yana cin lokaci, kuma in ba ka da UPS, na'urar nan mai riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, za mu sake ganinka. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka da bakin RAM, a dinga rufe inji da dare.

Wani zai ce to me ya sa ba za a watsar da tsofaffin ba. Gaskiya ne Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma 14 ga Janairu 2020, kuma wanda ya tuna bairos ɗin WannaCry na 2017 ya san abin da ke samun injin da ba a sabunta shi. Amma mun san halin da ake ciki, firinta ko sikana da ke kawo maka na cefane ba ta aiki sai da tsohuwar windo, ba za mu ce ka yar ba. Shawararmu dai a cire irin wannan injin daga intanet, kar a shiga banki da shi, kuma filash ɗin ɗalibai masu kawo firojet a dinga saka shi a wata kwamfutar daban, don ta nan bairos ke shigowa. Su kuma sofwayar nan da ake saukowa wai ta sabunta duk direbobi lokaci guda, a tsohon inji ɓarnarsu ta fi gyaransu, mu dai ba ma amfani da su.

Daga yanzu ga yadda za mu yi aiki. Ba wanda zai yi wa injinka fomat a shagon nan sai ni na duba da kaina kuma kai ka amince da bakinka, ba ta bakin ɗan aike ba. Kafin a taɓa komai za mu kwafe haddis ɗin gaba ɗayansa, har da direbobi, ba takardu da hotuna kaɗai ba, don haka aikin da da ake karɓa da yamma yana iya kaiwa gobe, a yi haƙuri da mu. In za ka kawo, ka gaya mana duk abin da ke jone da ita a shago, firinta ce, sikana ce, injin yanka ne, da lambar da ke jikinsa, in akwai tsohon faifansa a durowa a haɗo da shi ko da ya karce.

Wanda injinsa ke aiki lafiya yanzu ma ya kawo ranar Asabar da filash ɗinsa, mu kwafe masa direbobin ya kai gida ya ajiye, wannan ba ma karɓar ko sisi. Muna buɗewa ƙarfe 9, Juma'a kuma sai bayan an sauko daga masallaci.

Mun gode, Allah ya ba da kasuwa.

Mai shago da yaransa, Samaru, Zariya