Kabewar kaka ba ta miyar taushe kaɗai ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

A Amurka, idan kaka ta yi wajen watan Oktoba, wasu kan dafa giyar kabewa a gida, su zuba mata kirfa da citta da kanumfari. Mu dai giya haramun ce, ko bili-bilin dawa da ake dafawa nan Marwa ba ma kusanta. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kabewarmu ke ruɓewa a kasuwa.

Ni kunu nake yi da ita. Nakan dafa ta har ta yi laushi, in tuƙe, in dama da gasarar gero, citta, kanumfari da ruwan tsamiya kaɗan. A sha a ranar, don zafin garinmu ba ya barin kunu ya kwana lafiya. 'Yan'uwana masu sayar da kunu, don Allah ku gwada.

Wata mai karatu,
Marwa, Kamaru