Wasiƙa daga Damagaram: ina son in sa kuɗina a ƙasa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Hajiya ta saki, har tana fita barka da suna, kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Maganar da ke tafe da ni ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka san shekara 11 ke nan ina rumfar nan ta Kasuwar Dole. Bana na sayar da shanun da na ba da kiwo wajen Tanut, adashe kuma ya faɗo kaina, sai ga ni da sefa miliyan 6 a hannu. Ka san halin kuɗi in suna kusa: yau biki, gobe asibiti, jibi ɗan'uwa ya zo rance. Ina son in binne su a ƙasa tun ba su narke ba. Kai ka riga ni shiga wannan harka ta sayen fili da gida a Yamai, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa ciki kamarka.

Abu biyu ne a gabana. Na farko fili ne a bayan gari, murabba'in mita 400. Dillalin ya ce in gina ɗakuna jere in zuba ɗalibai, don tun da aka buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta biyo baya a 2011, masu neman ɗakin haya ba su yanke ba. Wannan gaskiya ne, ina ganin yaran Magariya da Gure da Matamai suna yawon cigiyar ɗaki. Amma da muka je a kan babur, sai jikina ya yi sanyi. Duwatsun iyaka uku na gani, na huɗun an tumɓuke shi. Ƙasar wurin ta tsattsage kamar gindin tafki, wani tsoho mai kiwon awaki ya matso ya ce mini a hankali, da damina ruwa har gwiwa yake kwana nan. Tun da ruwan 2024 ya kayar da tsohon masallacin Birni, wanda kakanninmu suka yi salla a ciki, na daina raina maganar ruwa. Ga shi famfo bai iso unguwar ba. Garinmu a kan dutse yake, ba ko'ina za ka haƙa rijiya ta ba ka ba, kuma ban san ɗalibin da zai jure sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa kullum, ya kuma biya haya a kan lokaci ba.

Takarda ma hotonta aka nuna mini, wai ta ainihin tana hannun mai filin a Agadas. Maƙwabcina a kasuwa haka aka yi masa: ya sa harsashi, ya kai ginin har taga, sai ga mutum biyu kowa da takardarsa. Yau shekara uku suna zarya kotu, buhunan simintinsa sun zama dutse a zaure. To, kai da ka sayi naka, ina ka fara zuwa? Ma'aikatar magajin gari ka je aka duba maka lambar filin a rajista, ko mai awon ƙasa ka ɗauko tukuna? Kuma takardar magajin gari kaɗai ta ishe ka, ko sai da ka bi ta titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati? An ce tana cin kuɗi da lokaci, amma ita ce ba ta girgiza.

Na biyun shi ne ya shiga raina. Tsohon gida ne a unguwar Zango, ginin ƙasa, da zane a goshin zaurensa irin na da, akwai famfo da mitar wuta, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ɗaki biyu sun zube, uku suna tsaye, in aka yi yaɓe aka gyara indararo za a iya sa ƴan haya kafin damina. Matsalarsa gidan gado ne. Magada tara, ɗaya yana Libiya, mata biyu kuma ban ji daga bakinsu ba, babban wansu kawai ke cewa kowa ya yarda. Ba zan ci haƙƙin marayu ko na mata ba ko da kyauta za a ba ni. Na ce sai an taru gaban alƙali, kowa ya sa hannu, na nesa ya aiko da wakilci. Ka ga na tsananta, ko haka ake yi?

Bashin banki dai na cire shi daga lissafi, ka san ra'ayina kan kuɗin ruwa. Abin da ke hannuna da shi zan fara. Sai dai ka faɗa mini tsakani da Allah nawa zan ware gefe don gyara da la'adar dillali da takardu, kada in sayi gida in rasa kuɗin ƙofa.

Na ce wa masu gidan su ba ni zuwa ƙarshen wata. Ka ba ni amsa kafin nan, in kuma za ka samu kwana biyu ka shigo mota ka gani da idonka, ɗakinka yana nan a share.

Ka gaishe mini da iyali duka.

Naka amini,
daga Damagaram